"Ban Gani Ba" Ma Shaida Ce



Akwai maganganu ukku da kunne ke ɗauka kamar abu guda: "babu", "ban gani ba", da "ban duba ba". A fada wurin shayi, a cikin aji, a bakin kasuwa, har gaban mai gari in ana shari'ar iyakar gona, muna musanya su yadda munka ga dama. Wanda bai leƙa ba sai ya ce bai gani ba. Wanda ya leƙa sau guda cikin duhu sai ya ce babu. Shi kuwa wanda ya duba da kyau bai samu komi ba, sai ya ja bakinsa ya yi shiru, don yana jin kunyar dawowa hannu rabbana. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: mutumin da ya nema bai samu ba, akwai abin da ya wajaba ya faɗa ma jama'a? In akwai, ƙaƙa zai faɗe shi har ya zama gaskiya cikakka?

Zan ɗauko misali daga nesa ƙwarai, daga wurin masu binciken taurari, don su sun mai da "ban gani ba" aiki mai ƙa'ida, wanda ake rubutawa da kwanan wata da sunan mai shi. Daga nan sai mu dawo gida Tsibiri da Maradi da Jiratawa mu auna kanmu.

Walƙiyar da ba a tafi nema ba

A shekarar 1963 Amurka da Tarayyar Sobiyat da Ingila sunka sa hannu kan yarjejeniyar hana gwajin bam ɗin nukiliya a cikin iska, da sararin samaniya, da ƙarƙashin ruwa. Da yake ba su yarda da juna ba, Amurka ta harba taurarin ɗan'adam masu suna Vela, aikinsu su yi gadi: in wani ya fasa bam a ɓoye, su kama hasken gamma da ke fita daga gare shi. Hasken gamma ɗan'uwan hasken nan ne da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda muke ce ma radiyo, amma ya fi shi ƙarfi. Ido ba ya ganinsa, kuma iskar da ta lulluɓe duniya tana tare shi kafin ya iso ƙasa. Shi ya sa sai daga sama ake kama shi.

Ranar 2 ga Yuli 1967, taurarin Vela sunka kama wata walƙiyar gamma da ba ta yi kama da ta bam ba. Wasu sunka biyo baya. A 1973 masana ukku na Los Alamos, wato Klebesadel da Strong da Olson, sunka buga rahoto kan irin waɗannan walƙiya 16, sunka nuna ba daga duniya suke zuwa ba, ba kuma daga rana ba. An fita gadin ɓarawo, sai anka ci karo da baƙon da ba wanda ya san gidansu.

Wagga fashewar gamma ba ta daɗewa. Wata ba ta kai sakan biyu ba, wata takan yi minti ɗaya ko fiye, sai ta ɗauke. A 1991 anka harba tauraron Compton ɗauke da na'urar BATSE, wadda cikin shekara tara ta ƙirga fashewa fiye da 2,700, kusan guda kowace rana, kuma daga kowace kusurwa ta sama daidai wa daida. Amma na'urar ba ta iya nuna wurin da yatsa. Sai dai ta ce, "can wajen ne", wajen kuwa fili ne da ya ninka faɗin wata sau da yawa, cike da dubban taurari. Kamar a ce maka an yi kira a Maradi, je ka nemo gidan. Har a watan Afirilu 1995 anka shirya muƙabala a Washinton tsakanin masana biyu: Donald Lamb yana cewa abin a gefen garken taurarinmu yake, Bohdan Paczyński yana cewa daga can ƙarshen sararin samaniya yake. Anka watse ba a raba gardama ba.

Garwashi bayan wuta

Kowa ya san in an ƙone karan gona, harshen wuta yakan mutu nan da nan, amma garwashi yakan jima yana ja. Masana sun yi hasashen cewa fashewar gamma ma tana barin garwashinta: wani haske da ke biyo baya, wanda madubin hangen nesa zai iya gani daga ƙasa, yana dushewa cikin awowi da kwanaki. Wanda ya kama garwashin ya san gidan. Matsalar ita ce sauri da kuma sanin inda za a duba.

Shekara kusan talatin ana dubawa ba a gani ba. Ku tsaya kan wanga adadi. Mutum ya shiga aikin yana saurayi, furfura ta fito masa, abin da ke cikin kayensa duka "mun duba, ba mu gani ba". Sai ranar 28 ga Fabrairu 1997, tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan ya kama wata fashewa, ya kuma taƙaita wurin ya zama ɗan ƙaramin fili. Ƙasa da kwana guda bayan haka, ƙungiyar Jan van Paradijs, da ɗalibansa Paul Groot da Titus Galama, ta ɗauki hoton wurin da madubin William Herschel mai faɗin mita 4.2 a tsibirin La Palma, yamma da gaɓar Maroko. Bayan kwanaki sunka sake ɗauka. Da anka gwama hotunan biyu, sai ga wani ɗan ɗigo da yake cikin na farko, ya dushe a na biyu. Garwashi ke nan. Ku lura da abu guda: hoton da babu ɗigon a ciki shi ya tabbatar da hoton da yake da shi.

A watan Mayu na shekarar, anka auna hasken wata fashewar da madubin Keck a Hawayi, anka gane ya yi tafiyar shekaru fiye da miliyar 6 kafin ya iso, alhali haske yana cin kilomita 300,000 a sakan guda. Gardamar 1995 ta ƙare, Paczyński ya yi gaskiya. Abin da ke iya haskowa daga irin wanga nisa kuwa, cikin ƴan sakanni yana fitar da ƙarfin da rana za ta fitar a tsawon rayuwarta duka. Yau an san masu daɗewa yawanci mutuwar manyan taurari ce, in cikinsu ya rufta ya zama baƙin rami. Gajerun kuma, karo ne tsakanin gawarwakin taurari biyu masu tsananin nauyi, waɗanda ake kira taurarin nutron.

Yadda ake faɗin "ban gani ba"

Yanzu aikin ya zama kamar tsere. Tauraron Swift, da anka harba ranar 20 ga Nuwamba 2004, an ƙera shi ne don in ya ji fashewa ya juya kansa da kansa ya fuskance ta cikin minti ɗaya ko biyu, ya aiko da adireshin wurin ƙasa. Wata hanyar sanarwa mai suna GCN, wadda hukumar NASA ke riƙe da ita, tana watsa labarin ga duniya cikin sakanni. Duk wanda dare ya yi a wurinsa, sama kuma ta yi garau, sai ya juya madubinsa. Wasu madubban ma ba mutum a kansu, kwamfuta ke juya su. A Janairu 1999 wata ƴar ƙaramar na'ura mai suna ROTSE ta kama haske sakan 22 kacal bayan fara fashewar.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne irin saƙonnin da masu dubawa ke aikowa bayan haka. Da yawa daga ciki ba labarin nasara ba ne. Tsarinsu kusan guda: mu wane da wane, mun duba wuri kaza, da madubi mai faɗi kaza, awa kaza bayan fashewar, mun buɗe kyamara na tsawon minti kaza, ba mu ga sabon abu ba har zuwa dushin haske kaza. In akwai gajimare ko hasken wata ya dame su, sai su faɗa. Wagga jimla ta ƙarshe, "har zuwa dushi kaza", ita ce zuciyar maganar. Ma'anarta: ga iyakar idona. Abin da ya fi haka haske, da yana nan da na gan shi. Abin da bai kai haka ba, ba ni da ta cewa a kansa.

Irin waɗannan saƙonni ne sunka tona wani sirri. A watan Agusta 1997 anka yi wata fashewa, anka duba da manyan madubai da wuri, ba a ga garwashi ba. Da irinta ta yi yawa sai anka gane akwai ajin fashewa da ake kira masu duhu: suna nan, ana kama su da hasken X, amma ƙura a cikin garken taurarinsu ta shanye hasken da ido ke gani, wasu kuma nisa ne ya yi yawa. Da kowa ya ɓoye rashin samunsa don kunya, da an ɗauka kowace fashewa tana da garwashi mai haske, don labarin masu sa'a kaɗai za a riƙa ji.

Misali mafi kyau ya zo ranar 17 ga Agusta 2017. Na'urorin LIGO a Amurka, tare da Virgo a Italiya, sunka ji girgizar karon taurarin nutron biyu, bayan sakan 1.7 tauraron Fermi ya kama gajeriyar fashewar gamma. Sai da anka jira dare ya yi a ƙasar Chile, kusan awa 11, sannan wani madubi mai faɗin mita ɗaya tak, mai suna Swope, ya hango sabon ɗigo a garken taurari NGC 4993, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Wuraren bincike kusan 70 sunka juya can. To amma da anka nemi hasken X a kwanakin farko, babu shi. Anka rubuta haka. Sai bayan kwana tara tauraron Chandra ya gan shi, hasken rediyo kuma sai bayan kwana 16. Wanga jinkiri shi ya nuna ma masana cewa bakin wutar ba mu ya fuskanto kai tsaye ba, ta gefe muke kallonsa. Da waɗanda sunka duba a kwana na biyu ba su rubuta rashin ganinsu ba, da wanda ya gani a kwana na tara bai san cewa abin sabon fitowa ne ba.

Mu ma mun san wanga aiki

Kada wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce. Duk shekara, daren 29 ga Sha'aban da na 29 ga Ramadan, mutane kan fita bayan gari su fuskanci yamma. Jinjirin wata kamar garwashin nan yake: ɗan lokaci kaɗan ne bayan faɗuwar rana, in ka makara ya faɗi, in da hazo ko hadari ya ɓoye. Wanda ya ce ya gani, akan tambaye shi a ina, da wane lokaci, ina ƙahonin sunka fuskanta, wa ke tare da shi. In kuwa amintattun mutane sun duba ba su gani ba, wannan ma yana da hukuncinsa: a cika talatin. Ba wanda ke cewa wata ya ɓace daga sama. An dai ce ba a gan shi ba, kuma an san abin da za a yi da rashin ganin. Kakanninmu sun raba "babu" da "ba a gani ba" tun kafin a ƙera madubin Swope.

Haka manomin zogale a Jiratawa. In ya aiki yaro ya dubo ko tsutsa ta shiga, yaron ya dawo ya ce bai gani ba, tambayar farko ita ce: daga kan hanya ka hango, ko ka shiga ka ɗaga ganye? Kunya nawa ka bi? Haka mai duba jini a laburatuwar, ba zai rubuta cewa bai ga ƙwayar palu ba sai ya bi wurare da yawa a kan gilashin, don ya san takardarsa za ta sa a ba yaro magani ko a hana shi.

Ke nan ilimin muna da shi. Inda muke sakaci shi ne wurin da maganar ta shafi mutuncin mutum ko ransa. Saƙon murya ya shigo WhatsApp: an ga ɓarayin daji sun nufo gari kaza wajen iyaka. Wa ya gani? "An ce." Kafin la'asar mata sun ɗaure kaya, kasuwa ta watse. Washegari ba a ga kowa ba, amma ba wanda ya aiko saƙo na biyu ya ce, "ni ina garin, na kwana a nan, tun magariba har asuba ban ji harbi ba." Ranar da abin zai zo da gaske, mutane sun gaji da gudu, sai su zauna. Ko a ce an ga ɗiyar wane a bayan moto da wani da dare. Mutum goma sun san tana gida a lokacin, amma labarin "na gan ta gida tana wanke-wanke" ba shi da daɗin bayarwa, sai su yi shiru, baiko ya lalace. Mukan fake da cewa ruwa ba ya tsami banza. Wani lokaci kuwa ruwan lafiyarsa lau, bakin mai ɗanɗanawa ne ke da ciwo.

A lakwal ma haka. Wane ɗalibin kimiyya ne bai san abin da ke faruwa a TP ba? Gwaji bai ba da lambar da ke cikin littafi ba, sai a ɗan gyara ta don a samu maki. Ƙaramin abu ne a ido, amma nan ake koyon ɗabi'ar. Wanda ya saba gyara lamba a kaye yana shekara 19, shi ne gobe zai zama injiniyan da zai sa hannu cewa ya duba gada, ko ma'aikacin lafiyar da zai cika rajista da sunayen yaran da bai yi ma allura ba.

Ƙorafi biyu masu nauyi

Wani zai ce: kamarad, kai kana maganar tantancewa, alhali wani labarin in ka tsaya tantance shi an riga an mutu. Gaskiya ne, kuma masu farautar garwashi sun fi kowa sanin haka, tunda abin da suke nema yana dushewa kowane minti. Ba su zaɓi jinkiri ba. Abin da suke yi shi ne su aika da wuri, amma su liƙa ma labarin gwargwadon tabbacinsa: wannan mun tabbatar, wannan zato ne, a taimaka a duba. Suna sa sunansu. In daga baya ta bayyana ɗigon tsohon tauraro ne ko wani dutse mai yawo, sai su aiko da gyara ta hanyar da sunka aiko da na farko, ga mutanen da sunka karanta na farko.

Su ma sukan yi tuntuɓe. A ƙarshen 2020 wata ƙungiyar masana ta buga cewa ta ga walƙiya daga wani garken taurari mai nisan gaske, GN-z11, mai yiwuwa fashewar gamma ce daga farkon zamani. A 2021 wasu masana daga Polan sunka bi lissafin tarkacen da ke kewaya duniya, sunka nuna cewa a daidai lokacin wani ɓangaren tsohuwar rokar Rasha ya gitta ta wurin, rana ta haska shi. Abin da ya ba da damar binciken shi ne, masu rahoton farko sun rubuta lokaci da wuri da na'ura dalla-dalla. Labarin da ya zo da adireshinsa ana iya bin sawunsa a gyara. "An ce" ba ta da gida, balle a je a tambaye ta.

Don haka mai jin labarin hari ba a ce ya yi shiru ba. Ya aika, amma ya ce: "wane ne ya kira ni daga gari kaza ƙarfe huɗu, shi ma bai gani da ido ba, ƙarar babura ya ji." Jimla guda ce ta ƙaru, ba ta cin minti. Mai karɓa kuma ya san nauyin da zai ba ta.

Ƙorafi na biyu ya fi ciwo. Wani zai ce: ai "ban gani ba" ita ce mafakar matsorata. An bugi yaro a unguwa, an saci jarabawa, an karkatar da buhunan taimako, kowa ka tambaya sai ya ce shi bai ga komi ba. Ashe ba wagga kalma ce ke kashe gaskiya a garuruwanmu ba? Ita ce, amma ku saurare ta da kyau. Mai faɗinta a nan, ko dai ya gani yana ƙarya, ko kuma ya kau da kai da gangan don kada ya gani. Na farko shaidar zur ce. Na biyu "ban duba ba" ce ta saci rigar "ban gani ba". Gwajin da ke raba su mai sauƙi ne: tambaye shi iyakar idonsa. Ina kake tsaye? Ƙarfe nawa ka zo, ƙarfe nawa ka tashi? Mi za ka iya gani daga nan? Mai gaskiya zai amsa har da ƙari, don amsar ba ta cutar da shi. Mai fakewa zai fara fushi. Saboda haka "ban gani ba" ba ta zama shaida sai ta zo da abu ukku: an duba da niyyar gani, an faɗi yadda anka duba, an kuma yarda cewa bayan iyakar ido akwai sauran duniya.

Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya ga mai ilimi. Ranar 9 ga Oktoba 2022 wata fashewa ta iso da ƙarfin da ya makantar da na'urori da dama, har ta taɓa saman iskar duniya, daga nisan shekarun haske kusan miliyar 2. Masana sun ƙiyasta irinta takan zo kamar sau guda cikin shekara 10,000. Mu kuwa shekara hamsin da ƴan kai kaɗai munka yi muna saurare. Tsohon garin Maradi a cikin fadama yake, sai ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa anka tayar da shi zuwa tudu. "Ban taɓa gani ba" iyakarta tsawon ran mai faɗi, ruwa kuwa ya girme mu duka.

To, mi ya kai mu sama?

Na san akwai mai cewa, mu da ke fama da kuɗin haya da tsadar tiyar gero, ina ruwanmu da tauraron da ya mutu tun kafin a halicci duniya? Ba zan ce masa binciken zai sauke farashin hatsi ba. Amma sama ba gonar kowa ba ce. Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, daga ƙasar Katsina ya fito. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa anka haife shi a 1929, kuma rayuwarsa ta ƙare ne kan nazarin hasken rana. Manyanmu sun san lokacin shuka da tsayuwar Kaza da Ƴaƴanta. Yayyenmu sun ga rana ta yi duhu da hantsi ranar 29 ga Maris 2006, lokacin da inuwar husufi ta ratsa Gusau da Katsina da ƙasar Maradi. Hasken da anka gani a 2017 kuma ya ƙarfafa ra'ayin masana cewa a irin wancan karo ake ƙera ƙarafa masu nauyi kamar zinariya, kuma suna ganin har da yuraniyom. Ke nan abin da ake tona a Arlit da Jado da Ɗan Isa, mai yiwuwa tokar irin waccan wuta ce.

Afirka ma tana cikin farautar. Madubin SALT a Afirka ta Kudu ya duba ɗigon 2017. Na'urorin H.E.S.S. a Namibiya sun kama garwashin wata fashewa a Agusta 2019. A Yuli 2003 kuwa, wani mai sha'awar taurari da ba aikinsa ke nan ba, Berto Monard, kusa da Pretoriya, shi ya fara hango garwashin wata fashewa da madubi mai faɗin santimita 30, ya riga manyan cibiyoyi. Abin da yake da shi sama mai duhu ce, da haƙuri, da sanin yadda ake rubuta rahoto. Biyu daga cikin ukkun nan ba sa buƙatar ko dala.

Akwai kuma ranar 19 ga Maris 2008. Wata fashewa daga nisan shekarun haske miliyar 7.5 ta yi hasken da, na kusan rabin minti, ido tsirara zai iya ganinta a wuri mai duhu. Kyamarori a Chile sun ɗauka. A agogon Nijar ƙarfe 7 da minti 12 na safe ne, rana ta riga ta fito, yara na hanyar lakwal. In an tambayi mutumin Tsibiri ko ya ga wani abu a sama ran nan, amsar gaskiya ita ce: ban gani ba, kuma ko na duba ba zan gani ba, don gari ya waye mana. Wannan amsa ba ta rage masa komi. Ta ma fi ta wanda zai ce, "ƙarya ne, da an yi da mun gani."

Abin da nake roƙo

Amsata ga tambayar farko ita ce e, wanda ya nema bai samu ba bashi ne a kansa ya faɗa, don in ya yi shiru ya bar fili ga masu "an ce", ya kuma sa na bayansa ya sake wahalar da shi ya riga ya sha. Kuma ya faɗa tare da iyakarsa, don kada rashin ganinsa ya zama hukunci a kan abin da bai kai gare shi ba.

Ga shawara ga fadodinmu da ajujuwanmu, daga lise har Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Kafin ka tura labari, rubuta a samansa wa ya gani, a ina, yaushe. In ka je da ƙafarka ka tarar ba haka ba ne, koma gurup ɗin da anka watsa shi ka faɗa, ko da ba wanda zai yaba maka. In gwajinka na TP ya ƙi, rubuta lambar da ta fito, ka ƙara layi biyu kan abin da kake zaton ya jawo, malamin kirki zai fi girmama wannan. In ana cin naman wata a gabanka alhali ka san inda take a lokacin, buɗe baki. In kuwa ba ka duba ba, ce "ban duba ba", kalma ukku ce, ba ta taɓa kashe kowa ba.

Allah Ya ba mu idon dubawa, da bakin faɗin iyakar abin da munka gani. Wanda bai yarda da ni ba, fili na nan a fitowa ta gaba, ya kawo hujjarsa mu karanta.